Yadda Ake Gane Kayan Tsohon Keken Ɗinki da Yadda Ake Aiki da Su

Tsohon keken ɗinki ba kasafai yake zuwa shi kaɗai ba. In ka jawo aljihun teburinsa, ko ka buɗe ɗan akwatin da aka haɗo ka da shi, sai ka tarar da tarin ƙananan ƙarafa masu siffa iri-iri: wani kamar katantanwa, wani da haƙora, wani da lambobi a jikinsa kamar ma'auni. Yawancin mutane sukan dube su sau ɗaya, su mayar, su ci gaba da ɗinkin layi miƙaƙƙe har keken ya bar hannunsu. Abin yana damuna, domin waɗannan ƙarafa su ne rabin keken. Da su ake kalmasa, da tattara, da ninki, har da gidan maɓalli, duk a kan keken da allurarsa ba ta san komai ba sai sama da ƙasa.

Sai dai ba daga kansu ake farawa ba. Wanda bai san keken da ke gabansa ba, duk abin da ya ɗaura masa caca ce.

Fara da sanin keken

Zan fi yin magana a kan Singer, domin su suka fi yawa, kuma kekuna masu ɗimbin yawa na wasu kamfanoni kwaikwayonsu ne. Duba gefen dama na shimfiɗar keken, kusa da gindin ginshiƙinsa, za ka ga lamba an buga. Wannan lambar ƙira ce, ba sunan samfuri ba, kuma da ita ake gano shekarar da aka yi shi a jadawalin kamfanin. Daga 1900 aka fara sa harafi a gabanta. A ɗan ƙaramin nan samfurin 221 kuwa, sai ka kifa shi za ka gan ta a ƙasa. In ka ga K a bayan lambar samfuri, kamar 99K ko 15K, to a masana'antar Clydebank ta Sikotland aka ƙera shi.

Amma ko ba jadawali, idonka ya isa ya raba manyan gidaje huɗu. Dubi inda zaren ƙasa yake zama.

In ka zame ƙananan faranti biyu dogaye ka ga ƙoshiya mai tsini kamar harsashi tana kai da komo, da dogon kwarkwaro siriri a cikinta, wannan gidan 27 da 127 ne, ko ƙannensu 28 da 128 waɗanda suka fi su ƙanƙanta. In kwarkwaron zagayayye ne, yana shiga cikin ƙoshiyar da ake cirewa, ana sa ta ta gefen hagu a tsaye, sannan abin daidaita tsaurin zaren sama yana maƙale a fuskar keken ta hagu, ba ya kallonka, to gidan 15 ne. Wannan shi ne wanda aka fi kwaikwaya a duniya: masana'antun Japan sun yi ta ƙera shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu da sunaye barkatai, daga baya na Sin da Indiya suka ɗora. In kuwa jefa kwarkwaron ake yi daga sama ya kwanta, ba ƙoshiyar cirewa, to 66 ne, wanda ya fito a 1902, ko ƙaninsa 99 na 1911, ko kuma 201. Yadda za ka raba 201 da 66: juya wilin hannu ka kalli ƙugiyar da ke kama zare. Ta 66 tana zuwa ta dawo, ta 201 zagayawa take yi ba ta juyowa. Na huɗu shi ne 221, mara nauyi, na gorar ruwa, mai shimfiɗar da ake naɗewa sama, wanda aka fara sayarwa a 1933.

Rubuta samfurin a takarda ka ajiye a aljihun keken. Duk abin da za ka nema daga yau, da wannan lamba za ka neme shi.

Kwarkwaro da allura: a nan yawancin ciwon yake

Sau da yawa keken da aka yanke wa hukuncin ya lalace lafiyarsa ƙalau, kwarkwaron wani aka sa masa. Kama da wane ba ta wane. Kwarkwaron gidan 15 gefensa a shafe yake, kuma ya fi tsayi kaɗan. Na gidan 66, wanda 99 da 201 ma suke amfani da shi, gefensa a ɗan lanƙwashe yake kamar bayan cokali. Ɗora shi a kan tebur mai santsi za ka ga bambancin. Na 221 ya fi su duka gajarta, kuma da 222 da 301 suke raba shi. Na taɓa ɓata yini guda ina kwance ƙugiyar wani 99 saboda zare yana cukurkuɗewa a ƙasa, ashe kwarkwaron 15 ne a ciki, ya shiga amma ya yi tsayi, zaren sama ba ya iya ratsa kansa. Tun daga ranar, kowane gida da gwangwaninsa nake ajiye su.

A gidan 15 akwai wani tarko kuma. Ƙoshiyar tana da ɗan yatsa da ke shiga wani gurbi. A 15-88 da 15-89 da 15-90 da 15-91, yatsan yana nuna wajen ƙarfe 11 na agogo. A tsofaffi irin 15-30 da mafi yawan kwaikwayon Japan, ƙarfe 1 yake nunawa. Duba gurbin da ke jikin keken kafin ka sayi ƙoshiya, don ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya.

Allura da sauƙi. Duk gidajen nan huɗu suna cin allurar gida ta yau da kullum mai shafaffen gefe ɗaya, wadda ake rubuta wa 15x1 ko 130/705H ko HAx1. Abu ɗaya ne. Lamba 11 ta yadi mai laushi, 14 ta matsakaici, 16 da 18 ta mai kauri. Kada ka sa allurar keken masana'anta mai zagayayyen gindi. Akwai kuma 'yan kekunan da ke da tasu: 206 da 306 da 319 suna son 206x13, kuma sa musu ta gama-gari yana iya sa ta caki ƙoshiya.

Inda ake tuntuɓe shi ne fuskar allurar. A 66 da 99 da masu doguwar ƙoshiya da yawancin kwaikwayon 15, shafaffen gefen yana kallon dama, a zura zare daga hagu zuwa dama. A 201 da 221 da 15-91 da 'yan uwansa uku, shafaffen gefen yana kallon hagu, a zura daga dama zuwa hagu. In ka manta, ga ƙa'idar da ba ta kuskure: shafa allurar da farce, za ka ji dogon kwari a gefe ɗaya. Ta wannan gefen zare yake shiga, kuma gefen ne ya kamata ya kalli mariƙin zare na ƙarshe da ke saman allurar. In aka juya ta, keken zai yi ta gudu amma ba zai kama zaren ƙasa yadda ya kamata ba.

Kuma kullum ka ɗaga ƙafar danna yadi kafin ka zura zaren sama. Ɗagawar ce ke buɗe faifan tsauri, zare ya zauna tsakaninsu.

Auna wuyan ƙafa kafin ka ɗaura komai

Yanzu mun zo kan kayan akwatin. Kowane ɗayansu a wurin ƙafar danna yadi ake ɗaura shi, saboda haka tambaya ta farko ita ce ko wuyansa ya dace da sandar kekenka. Sauke ƙafar, ka auna daga tsakiyar sukurun da ke riƙe ta zuwa faranti. In kimanin rabin inci ne, gajeren wuya ke nan, kuma shi ne na 15 da 66 da 99 da 201 da 221 da 127 da 128. In ya kai kusan inci ɗaya, dogon wuya ne, irin na kekunan masana'anta da wasu na Japan masu zigizag. In sandar da kanta a karkace take tana nufo ka, wannan karkataccen wuya ne, wanda Singer ta fara da 301 a 1951 kuma ya bi 401 da 500.

Akwai biyu da ba su shiga wannan lissafi. Samfurin 66 na farko-farko, sukurun ƙafarsa a baya yake, ba a gefen hagu ba, saboda haka kayansa ta baya suke kamawa. Sai kuma kekunan White da New Home da National na da, waɗanda kayansu ke da baki mai rassa biyu a sama, ana zura shi a kwance a matse da zobe. Kamfanin Greist na New Haven a Amurka ne ya ƙera yawancin irin waɗannan. In ka ga sunan Greist, to dubi bakin da kyau, domin sun yi wa kusan kowa kaya.

A kayan Singer na asali za ka ga an buga SIMANCO tare da lamba. Gilashin ƙara girma zai taimaka. Wannan lambar ce shaidar abin da ke hannunka.

Kafin gwaji, wanke su. Jiƙa su a kananzir na dare ɗaya, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka busar. Tsatsa kaɗan tana fita da lallausan soson ƙarfe da ɗigon man keke. Duk wurin da ƙarfe ke juyawa a kan ƙarfe, sa masa ɗigo ɗaya, sannan ka yi ɗinki a tsumma har man ya daina fita. Jikin keken kansa kuwa, man keke da ƙyalle mai laushi kawai. Sifirit yana narkar da shafen da ke kare zanen adon, ruwa da sabulu kuma suna mayar da ruwan zinariyar ya koma fari, ba ya dawowa.

Dokar ɗaurawa ɗaya ce ga dukkansu. Ɗaga allura ƙololuwa, cire ƙafa, ɗaura na'urar, matse sukurun da sukundireba ba da yatsa kawai ba, sannan ka juya wili da hannu a hankali sau biyu ko uku kana kallon allura tana shiga tsakiyar raminta. Sai ka tabbata ba ta taɓa komai ba za ka taka.

Ƙafar siririyar kalmasa

Ita ce mai ɗan naɗi a baki kamar katantanwa, galibi lamba 120855. Tana ninke bakin yadi sau biyu ta ɗinke a tafi ɗaya. Wahalarta duk a farawa take. Ninke bakin da hannu sau biyu, kimanin kashi ɗaya cikin takwas na inci, ka murje shi da farce tsawon inci biyu. Sa shi ƙarƙashin ƙafar, yi ɗinki uku ko huɗu kana riƙe da jelar zaren biyu ta baya. Tsaya allura tana cikin yadi, ɗaga ƙafar, ka lallaɓa bakin yadin ya shiga naɗin, ka sauke. Daga nan aikin hannunka na dama shi ne ɗan ɗaga bakin yadin sama kana ciyar da naɗin daidai cikinsa. In ka ba shi da yawa, kalmasar za ta yi ƙulli. In ka ba shi kaɗan, ɗanyen baki zai leƙo. Rabin awa a kan tsumman auduga mai ɗan sitaci ya isa hannu ya saba.

Tana da babbar ya, mai ma'auni a jiki, lamba 35931. Ita ana sassauta sukuru a matsar da manuni, tana yin kalmasa har kusan inci ɗaya.

Mai ɗaure baki

Wannan kamar mazurari take, lamba 36594, ko 160359 mai tsaga-tsaga a gefe. Tana naɗe bakin yadi da ƙyallen da aka yanka a karkace. Faɗin ƙyallen shi ne sirrin: 15/16 na inci, kuma lallai yankan karkace ne na gaskiya, in ba haka ba zai tattare a kwana. Yanke bakinsa ya yi tsini, zura ta mazurarin, jawo shi da tsinin allura har ya wuce ƙarƙashi. Yi ɗinki kaɗan a kansa shi kaɗai ka ga inda layin ke faɗawa, in bai yi kusa da baki ba ka matsar da mazurarin hagu ko dama. Sannan ka tura yadin cikin tsagar tsakiya, ka tabbata yana manne da ƙarshenta koyaushe. Tsagogin gefe na ƙyallen da aka riga aka ninke ne, kowace da faɗinta.

Na'urar tattara

Ita ce ta fi kowa ban tsoro a ido, kuma ita na fi so. Lambarta 120598, ko 86742. Za ka gane ta da hannu mai baki biyu, da faifan ƙarfe biyu masu launin shuɗi-baƙi, na sama da haƙora a bakinsa, da kuma liba mai lambobi.

Hannun nan mai baki biyu dole ya rungumi mariƙin allura, wato wurin da sukurun allura yake. Hawa da saukar sandar allura ne ke motsa na'urar gaba ɗaya. In ka ɗaura ta ka manta hannun, ba abin da zai faru, ko kuma allura ta karye. Shigar da hannun da wuyan a lokaci ɗaya, daga dama kana ɗan karkata ta.

Yadin da za a tattara yana bi tsakanin faifan nan biyu. Tura shi har ya ɗan wuce allura, ka sauke. Libar tana da wuri huɗu. A kan 1, kowane ɗinki sai ta tura yadi, tattara ke nan. A kan 6, ninki ɗaya duk bayan ɗinki shida. A kan 12, duk bayan sha biyu. A kan tauraro kuwa ta huta, keken yana ɗinkinsa miƙe ba sai ka cire ta ba. Sukurun da ke sama shi ke ƙayyade zurfin kowace turawa: shigar da shi ciki, ninki ya yi zurfi, warware shi, ya yi ƙanƙani. Tsawon ɗinki ma yana da hannu a ciki, gajeren ɗinki yana cika tattara, dogo yana sassauta ta.

Don kada yadi ya ƙare maka a tsakiyar aiki, yanki tsumma mai inci goma daga irin yadin, ka tattara, ka auna. In ya koma inci biyar, ka san kana bukatar ninki biyu na tsawon da kake so. Rubuta saitin.

In kana son ka tattara ka kuma ɗinka a jikin riga a lokaci guda, sa yadin rigar a ƙarƙashin faifan ƙasa, kai tsaye a kan haƙoran keken, mai tattarar kuma tsakanin faifan. Na ƙasa zai tafi a miƙe, na sama yana tattaruwa a kansa. Abu biyu ne ke kashe wannan na'ura: taka keke ba yadi tsakanin faifan, haƙoran su goga ƙarfe su dakushe, da kuma fizgo yadi zuwa gabanka. Ta baya ake zare shi.

Kada ka rikita ta da 'yar ƙaramar ƙafa mai murabba'i, lamba 121441, wadda ita ma tana tattara amma sama-sama, da dogon ɗinki da tsaurin zare kawai.

Mai jera ninki

Doguwa ce, lamba 36583, da ma'auni biyu. Ɗaya na faɗin ninki, ɗaya na tazara. Ninkin farko kai za ka yi da hannu ka murje shi. Yayin da kake ɗinke shi, mariƙin allura yana bugun wata 'yar liba, ita kuma tana shata layin da za ka ninke na gaba. Ninki mai rubu'in inci ba tazara, sa duka biyun a 2. In kana son tazarar rubu'in inci, sa na farko a 2, na biyu a 3. Ta fi jin daɗin yadi mai riƙe shata, kamar auduga da lilin.

Sauran ƙanana ba su bukatar dogon bayani: ƙafar zif mai matsawa hagu da dama, ƙafa mai tsagogi ta haɗa leshi da yadi, lamba 36865, da ɗan ƙarfen da ake ɗaurewa a shimfiɗa don layi ya tafi daidai. Sukurun wannan na ƙarshe ka kiyaye shi, domin Singer da irin zaren sukurunta take aiki, na gama-gari ba ya shiga, kuma in ka tilasta shi ka ɓata ramin.

Na'urar gidan maɓalli

Tunda allurar ba ta zuwa gefe, na'urar ce ke kama yadin tana jujjuya shi hagu da dama a ƙarƙashinta. Da tsohuwar zuma ake magani: gidan maɓallin da take fitarwa, a ganina, ya fi na kekuna da yawa na zamani tsafta. Lamba 160506 ta gajeren wuya ce, 160743 ta karkatacce. Suna zuwa da ƙananan ƙarafan siffa guda biyar: 5/16 da 5/8 da 13/16 da 1 1/16 na inci, da wani 1 1/16 mai zagayayyen kai irin na kwat. Tsohuwar 121795 ba ta da su, da sukurori ake saita ta.

Da farko rufe haƙoran keke da farantin da ya zo tare da ita, ka ɗaure shi a ramin shimfiɗa, ka duba allura tana ratsa raminsa. In farantin ya ɓata, kuma kekenka irin wanda ake sauke haƙoransa ne, kamar 201 ko 15-91, sauke su. Buɗe murfin da ke ƙasan na'urar, sa ƙarfen siffar da ya dace da maɓallinka, ka rufe. Shigo da ita ta bayan sandar, hannunta mai baki biyu ya rungumi mariƙin allura, ka matse sosai. Juya ƙullin da ke samanta har mariƙin yadi ya zo gaba ƙarshe, allura ta tsaya a ƙarshen gurbin na baya. Shata wurin a yadi, sa wani ƙyalle mai tauri ko takarda tsakani in yadin mai laushi ne, zura shi, ka sauke. Jawo zaren ƙasa sama ka riƙe biyun, sannan ka taka a hankali ba tare da ka ja yadin ba. Ka bar shi ya yi yawonsa.

Zagaya sau biyu. Na farko da faɗi, na biyu ka rage libar gefe kaɗan, sai bakin ya cika ya ɗan tashi. Wajen tsagawa, soka fil a gicciye a ƙarshen gidan, ka yanka daga ɗaya ƙarshen zuwa gare shi, fil ɗin zai tare wuƙar.

Na'urar zigizag, 160985 ko 161102, da wannan dabarar take aiki, da wasu ƙarafa masu jan kai da ake sauyawa don canja ado. Ita ma yadi take motsawa, don haka ta fi kyau a kan mai ɗan tauri, kuma a hankali.

In kekenka mai mota ne, kafin ka gwada ko ɗaya daga cikin waɗannan, bi wayarsa da yatsa daga fulogi har mota, ba a jone ba. Robar da ta tsufa takan farfashe ta bar waya tsirara a jikin ƙarfe, kuma irin wannan sai mai gyaran lantarki ya sauya ta. Karanta ɗan farantin jikin motar ka ga ko ta wuta mai ƙarfin volt 110 ce ko ta 220. A 15-91 da 201-2, waɗanda motarsu ke manne a bayan wili ba bel, giris ake sa wa kofunan nan biyu da ke ƙasanta, ba mai ba.